Kurakuran da muke yi wajen ɗaukar hoton mutane a titi

Jama'a barkanmu da warhaka. Na daɗe ina yawo da kyamara a garin nan na Kaduna, tun daga Kawo har Kakuri ba inda ban taka ba, kuma yanzu da waya ta wadata matasa da yawa sun shigo harkar, abun yana min daɗi wallahi, sai dai akwai kurakuran da nake ganin ana ta maimaitawa, wasunsu ni ma sai da na yi su kafin na gane.

Wanda yafi damuna shine ɗauka ba sallama. Wata rana a Panteka na hango wani dattijo yana kankare tukunyar alminiyam da aka gama zubawa, haske ya ratso ta wata ɓula a jikin kwanon rumfar ya sauka daidai kan hannayensa, duk sun yi kanta sun yi baƙi da aiki. Ban yi wata-wata ba na ɗaga kyamara na danna sau uku. Sai ya ɗago ya kalleni yace, "Samari, a garinku ba a sallama ne?" Jikina yayi sanyi. Na sauke kyamarar na durƙusa nace Baba ayi haƙuri, na gaishe shi yadda ya kamata, ya nuna min benci na zauna, muka yi ta hira kusan awa guda yana bani labarin yadda ya koyi sana'ar tun yana yaro. Can da ya koma kan aikinsa ya ma manta da ni, nace Baba in ɗauka? Ya gyaɗa kai ko ɗagowa bai yi ba. Wannan hoton shine na kirki, ukun farko gogewa nayi.

Wasu zasu ce ai in ka nemi izini mutum zai gyara zama ya ƙame kamar za'a yi masa fasfo, hoton ya lalace. Gaskiya ne a minti biyar na farko. Gyaran shine ka zauna, ka sayi shayi ko rake, ka bari idon mutane ya saba da kai, mai sana'a bashi da lokacin da zai yi ta ƙamewa saboda kai, zai koma aikinsa. Nasan ana yawan kawo misalin Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da suka kafa ƙungiyar masu hoto ta Magnum da su Robert Capa a 1947, wanda yake rufe ƙyallin kyamararsa ƙirar Leica da baƙin tef don kar a lura dashi. To amma fa Faris daban Kaduna daban. A halin da ake ciki na tsaro, ka ɓoye waya kana ɗaukar mutane a tasha ko bakin kasuwa, kafin kayi bayani an ce infoma ne an taru a kanka. Kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro kuwa kar ma ka fito da ita, garin nan cike yake da wuraren soja.

Sai rashin tambayar suna. Ka duba hotunan da muke ɗorawa a Facebook da Instagram, "wani tsoho", "wata mai awara", shikenan kamar ba 'ya'yan wasu bane. A 1936 wata Ba'amurkiya mai hoto, Dorothea Lange, ta ɗauki wata uwa da 'ya'yanta a sansanin 'yan ci-rani masu aikin gona a Kalifoniya, hoton ya zagaye duniya har gobe ana buga shi, amma ita da kanta ta faɗa cewa bata tambayi sunan matar ba. Sai a 1978, bayan shekara 42, aka gano sunanta Florence Owens Thompson, kuma ta nuna ɓacin ranta cewa ko sisi bata samu ba. Duk sanda na tuna labarin nan sai in ji ba daɗi. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu ko ka rubuta a waya, suna, unguwa, sana'a, rana, sannan ka tambaya ko ya yarda a sa sunan a intanet, in yace a'a ka ajiye a wajenka kawai. Ka kuma gaya masa gaskiyar inda zaka sa hoton.

Akwai kuma farautar talauci, wannan kam ya zama ruwan dare. Yaro ya sayi kyamara yau, gobe sai almajiri da roba a hannu, sai mabaraci a bakin danja, a mayar da hoton baƙi da fari a ƙara masa duhu don a tara layik. Almajirin nan yana da lokacin da yake zaune da allonsa yana biya karatu da asuba, yana da lokacin ƙwallo da dariya, me yasa sai sanda yake bara kaɗai muke ganinsa? Kuma yaro ne, izininsa yana wajen malaminsa ko iyayensa. Ka tambayi kanka, in ƙaninka ne zaka so a ɗora shi a haka? Malick Sidibé na Mali samarin Bamako da 'yan matansu ya ɗauka suna kwalliya suna rawa, har ya samu babbar kyautar baje kolin fasaha na birnin Banis da ke Italiya a 2007. Namu na gida J.D. Okhai Ojeikere kitson mata ya bi tun daga 1968, ya tara hotuna wajen dubu. A nan ma ga masu ɗinkin hula, ga masu wankin hula da gumakansu jere a rana, ga 'yan dako a kasuwar Sheikh Gumi, ga fasinjoji a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, aiki ba zai ƙare ba. Matan aure kuwa ba sai na ja magana ba, in ba'a ce maka eh ba ka wuce.

Ta ɓangaren aikin kansa, fita da tsakar rana kuskure ne, rana tana tsaka inuwar hula ta rufe ido, farar shadda ta ƙone fuska kuma ta yi duhu. Ka fita da sassafe zuwa hantsi ko bayan la'asar, in dole ce ka nemi mutum a inuwar rumfa, ka taɓa fuskarsa a sikirin don waya ta auna haske da ita ba da rigar ba. Lokacin hunturu hazon nan yana tausasa haske sosai, amma ka riƙa goge gilashin kyamarar, ƙura ce ke sa hoto yayi dishi-dishi ka zata wayar ce. Ka daina zum daga tsallaken titi, yana fasa hoto, ka tako da ƙafarka. Filtar da ke mayar da baƙin mutum fari kuma dan Allah a barta, kalar da Allah ya bashi ita muke so mu gani.

Ajiya ma muna wasa da ita. Hoto a waya ɗaya kawai, a sace ta ko ta faɗa ruwa shikenan. Ni akwai hotunan teloli da masu gwanjo da na ɗauka a Kasuwar Barci kafin a rushe ta a 2020, memori ɗaya na zuba su ya lalace, wannan kasuwar kuma ba zata dawo yadda take ba, har yau abun yana cina. Yanzu wuri biyu nake ajiyewa, kwamfuta da intanet, kuma in zan tura ta WhatsApp a matsayin dokumen nake turawa don kar ya matse hoton ya rage masa kyau.

Na ƙarshe, muna ɗauka mu tafi ba'a sake ganinmu. Wanke hoto ɗaya bai kai kuɗin katin da muke ƙonawa a yini ba. Dattijon Panteka bayan sati biyu na koma na kai masa nasa a ambulan, ya goge hannu a jikin riga kafin ya karɓa, ya daɗe yana kallo sannan ya ƙwala wa yaransa kira su zo su gani. Da zan tafi yace in dawo ranar da suke zubi da safe, wai lokacin ne aikin yafi kyan kallo.