Sayen injin wanki mai ƙarfin feshi da aiki da shi a gida

Kafin mutum ya tambayi farashin injin feshin ruwa irin na masu wankin mota, ya kamata ya fara duba ruwan gidansa, domin a unguwannin Accra kamar Nima, Maamobi da Madina ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, kuma gidaje da yawa sun dogara ne da tanki ko rijiyar burtsatse. Ƙaramin injin gida yakan sha lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya, kuma idan ruwa ya yanke masa yana cikin aiki, kayan cikinsa sukan lalace nan da nan. Saboda haka wanda zai ja ruwa daga tanki ya tambayi mai shago ko injin yana iya zuƙo ruwa da kansa, sannan ya sanya matacin ruwa a bakin tiyo, don yashin burtsatse yana cinye robobin ciki.

Injin da ƙarfinsa yake tsakanin bar 110 da 150 (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa) ya isa wankin mota, babur, darduma da daɓen tsakar gida bayan ƙurar hunturu. Wutar Ghana volt 230 ce, don haka duk wanda zai sayi na hannu ya karanta rubutun jikinsa da kyau, domin wanda aka kawo daga Amurka yawanci na volt 120 ne, kuma zai ƙone da zarar an jona shi. Injin da ke amfani da fetur ya fi ƙarfi, amma hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri, kuma a ganina gida ba ya bukatarsa.

Idan za a fara aiki, a haɗa tiyo, a buɗe ruwa, a danna kunamar da ke mariƙin feshin har iska ta gama fita, sannan a kunna wuta. Soket ɗin ya kasance a busasshen wuri, kuma kada a yi amfani da wayar da aka yi wa ɗori aka naɗe da leda. A injinan da bakunansu suke da launi, fari da kore suna baza ruwa, su ne na mota, a nisan da bai gaza santimita 30 ba. Ja kuwa yana tattara ruwan wuri guda, yana iya ɓare fenti da filasta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu wanki da silifas, suna ɗauraye ƙafa da bakin injin. Ruwan yana huda fata ya tura datti cikin tsoka, raunin ya yi kama da tsirar allura, amma yana bukatar asibiti a ranar. A sa takalmi rufaffe da tabarau, a nisantar da yara, kada kuma a nufi mitar wuta da feshin. Bayan an gama, a kashe injin, a rufe ruwa, a sake danna kunamar don sauran matsin ya fita, sannan a ajiye shi a inuwa.