Yadda Ake Bitar Lacca Ta Zauna a Kai

Sabbin ɗaliban jami'a sun yi ta tambayata yadda karatu zai zauna.

1. Zauna a sahun gaba, wayarka a jaka.
2. Rubuta duk abin da malami ya maimaita.
3. A daren ranar, karanta rubutunka na minti 30.
4. Rufe littafin, ka bayyana darasin da baki kamar kana koya wa ƙaninka.

Hattara: nan ake yin kuskure. Yawan bin takarda da ido yana sa ka ji ka iya, sai a zauren jarrabawa kai ya ɗauke.

5. Buɗe, ka ja layi inda ka kakare.
6. Kai wa malami tambayar washegari.
7. Sake gwada kanka bayan kwana 3, sannan bayan mako.