Yadda ake hada kwandon shuka mai yawo a tafkin kifi

Duk mai kiwon tarwada a bayan gida nan Legas, ko Agege ko Ikorodu, ya san wahalar canjin ruwa, kwana uku ya yi kore ya fara wari, makwabta su fara maka wani kallo, ga kudin man janareto na famfo. Abin da ke bata ruwan kashin kifi ne da ragowar abinci, su ne takin da gansakuka ke ci. To ka kawo shukar da za ta riga ta cinyewa, shi ke nan dabarar.

Kayan ba tsada. Kwandon roba irin na wanke tumatir, gorunan ruwa na roba guda hudu zuwa shida masu murfi, igiya, raga, da bawon kwakwa wanda masu kwakwa ke zubarwa. Kar ka nemi farin soson takeaway din nan, gwamnatin Legas ta haramta shi tun Janairun 2024, kuma marmashewa yake kifi ya hadiya.

Da farko ka toshe gorunan gam ka daure su kewaye da bakin kwandon, ka jefa a ruwa ka gani, so ake gindin kwandon ya taba ruwa kamar yatsa biyu kawai. In ya karkace kara gora a bangaren. Sai ka jika bawon kwakwan kwana biyu kana zubar da ruwan, don yana fitar da jan ruwa kamar shayi, ka yayyaga ka shimfida.

Shukar kuma, na'ana'a ta fi sauki wallahi, reshe kawai za ka soka ya yi saiwa. Jema ma tana yi sosai, saiwarta doguwa ce. Latas na yi in zafi bai yi yawa ba. Amma ka wanke kasar jikin saiwar tas, kuma ba taki ba maganin kwari, kifin ne ke ba ta abinci. Ni karon farko da kasar na saka, washegari ruwa ya koma kamar kunu, sai da na zubar da rabin tanki.

In karfasa kake kiwo sa ragar ta karkashi, don cinye saiwa suke yi kaf. Ka daure kwandon da igiya a gefe kar ya je ya toshe bututun fitar ruwa.

Wani zai ce me zai hana in debo ciyawar nan mai shudin fure da ta cika lagun, ai kyauta ce. Ita ce fa ke tsayar da kwalekwale a hanyar Ikorodu duk shekara, kuma ba ka san me ta kwaso daga ruwan ba. Kainuwa ma in ka saka ka killace ta, dashen Allah ce, ba ta jiran izininka.

Kar shuka ta rufe fiye da kashi daya cikin uku na saman ruwa, kifi na bukatar iska, balle da dare. Rika yanka duk sati biyu kana cire rubabben ganye, abin da ka yanke shi ne dattin da ya bar tafkin. Canjin ruwa dai yana nan, raguwa kawai zai yi, in ka ga kifi ya daina cin abinci ka canza kar ka tsaya kallon na'ana'a.