Yadda Ake Tsara Aikin Surfani da Tsohuwar Manhajar Wilcom 2006

Manhajar Wilcom ES 2006, ta tsara ɗinkin da injin surfani zai bi, wadda kamfanin Wilcom na ƙasar Ostareliya ya fitar a zamanin Windows XP, tana iya duk abin da mai aikin wuyan kaftani ko tambarin makaranta yake buƙata, kuma ban ga dalilin kashe kuɗi a kan sabuwa ba muddin wannan tana buɗewa. Ka ware mata tsohuwar kwamfuta wadda ba a hawa intanet da ita, ka kuma adana ɗan makullinta da ake sakawa a kafar USB, domin idan ya ɓata manhajar ba za ta tashi ba.

Da farko ka shigo da hoton zanen, ka daidaita girmansa da ainihin awon da za a ɗinka kafin ka ɗora ɗigo ko ɗaya. Kada ka bar manhajar ta mayar da hoto ɗinki da kanta. Ka bi zanen da hannunka kana ɗora ɗigo-ɗigo, dannawar hagu ta linzami tana ba da kusurwa, ta dama kuma tana ba da lanƙwasa. Siraran layuka da haruffa ana yin su da kayan aikin manhajar mai suna Input A da ɗinkin satin, wanda zarensa yake tsallakawa daga gefe zuwa gefe, fili mai faɗi kuwa da kayan aikin Complex Fill da ɗinkin tatami, wanda yake cike fili da jerin gajerun ɗinki. Satin da ya wuce faɗin milimita 7 yakan yi sako-sako ya riƙa maƙalewa, sai a kunna masa Auto Split, wanda yake raba dogon ɗinki zuwa gajeru.

Inda masu koyo suka fi faɗuwa shi ne yarda da abin da suke gani a allon kwamfuta, alhali allo ba ya nuna yadda zare yake jan yadi. Duk lokacin da allura ta kai ta komo, zaren yana tsuke yadin ta ɓangaren da ɗinkin yake bi, yana kuma tura shi waje ta bakin layin, shi ya sa da'ira take fitowa kamar ƙwai, kuma ake ganin shadda tana leƙowa tsakanin cike, wato ɗinkin da ya cike fili, da layin gefe. Da mai koyo ya ga wannan giɓi sai ya matse tazarar ɗinki daga milimita 0.40 zuwa 0.30, zare ya yi ta tsinkewa, allura ta huhhuda yadin, aikin ya yamutse. Ka bar tazarar a 0.40. Abin da za ka taɓa shi ne Pull Compensation, wanda yake ƙara wa siffar ɗan faɗi domin rama abin da zaren zai tsuke. Ni ina ba shadda mai tauri milimita 0.20, yadi mai talewa irin na rigar ƙwallo kuma 0.35 ko 0.40. Sannan kada ka taɓa tsallake ɗinkin ƙasa, wanda yake manne yadi da takardar da aka shimfiɗa a bayansa kafin ɗinkin sama ya hau. Siririn layi ɗinkin ƙasa ɗaya a tsakiya ya ishe shi, mai faɗi kuwa yana son na gefe da na zigzag tare. Ka kuma shigar da cike kaɗan ƙarƙashin layin gefe.

Bayan haka ka jera launuka yadda injin ba zai yawaita canza zare ba. Ka fara adana aikin a EMB, wato nau'in fayil na Wilcom, sannan ka fitar da DST, nau'in fayil ɗin da injin surfani na Tajima yake karantawa, domin DST ba ya riƙe launuka, kuma gyara shi daga baya wahala ce. Ka gwada a kan ƙyallen irin yadin da aka kawo maka, da takarda iri ɗaya, kafin ka ɗaura rigar mai kaya a firam.