Kurakuran da aka fi yi a ziyarar lardin Western Cape da yadda ake kauce musu

Lardin Western Cape da ke kudu maso yammacin ƙasar Afirka ta Kudu wuri ne da iska da teku ke da ta cewa a kan kowane shiri na baƙo. Yawancin masu dawowa daga can da ƙorafi, in ka bi diddigi, za ka tarar tun daga gida suka cika kowace rana da aikinta, ba su bar wa yanayi gurbi ko kaɗan ba.

Matsalar takan fara ne daga zaɓen wata. Lokutan zafi da sanyi a can sun bambanta da namu: Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da rani, Yuni zuwa Agusta kuma sanyi ne haɗe da ruwan sama. Wanda ya sauka Cape Town a Yuli da 'yan riguna marasa nauyi zai sha wuya, domin ruwan can yakan wuni yana yayyafi, ga iska mai ratsa ƙashi. Ko a tsakiyar zafi akwai wata iska mai ƙarfi da ke tasowa daga kudu maso gabas, tana iya kwana da kwanaki ba ta lafa ba. Saboda haka rigar sanyi ba ta fita daga jaka, kowane wata ne. Sannan ka fara sanin abin da kake son gani kafin ka yanki tikiti. Manyan kifayen teku da ake kira whale suna matsowa gaɓar garin Hermanus ne daga wajen Yuni zuwa Nuwamba. Sashen Postberg na gandun West Coast, inda furanni ke rufe ƙasa, a Agusta da Satumba kawai ake buɗe shi. Tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu lokacin hutun 'yan ƙasar ne, masauki ya yi tsada, hanyoyin bakin teku su cushe. A ganina Fabrairu da Maris sun fi daɗi ga mai zuwan farko.

Sai kuskuren da ya fi ba ni takaici, wato ajiye Dutsen Tebur (Table Mountain) na Cape Town da tsibirin Robben sai ranar ƙarshe. Dutsen ya haura mita 1,000, kuma keken igiyar da ke hawa da mutane, wanda aka buɗe tun 1929, ana tsayar da shi da zarar iska ta yi ƙarfi. Wata rana kuma girgije ne zai lulluɓe saman dutsen, ka biya kuɗi ka hau ba ka ga komai ba sai fari. Gyaran mai sauƙi ne: duk safiyar da ka buɗe taga ka ga saman dutsen tas, ka ajiye sauran shirin ranar ka nufi can. Haka jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirin Robben daga tashar Waterfront, ana soke tafiyarsa idan teku ta yi fushi, kuma kujeru na ƙarewa da wuri a lokacin hutu. Ka sayi tikiti tun kafin ka iso, ka sa shi a kwanakin farko, in aka soke ka samu ranar maye gurbi. Abin baƙin ciki ne mutum ya yi wannan doguwar tafiya ya koma bai tsaya a bakin ɗakin da Nelson Mandela ya zauna ba, a tsibirin da ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a tsare.

Taswira ma tana yaudara. Hanyar yawon buɗe ido ta bakin teku da ake kira Garden Route tana farawa ne daga Mossel Bay, kuma Knysna na da nisan kusan kilomita 500 daga Cape Town a kan babbar hanyar N2. Ba tafiyar zuwa da dawowa a yini ɗaya ba ce. Mai mako guda kacal gara ya tsaya a Cape Town da kewayenta, ya ƙara da Hermanus. Mai kwana goma ko fiye shi ne zai ware kwana uku ko huɗu ga Wilderness da Knysna, ya ratsa ta Oudtshoorn ya ga gonakin jimina da kogon Cango. In za ka ɗauki hayar mota, ka tuna ta hagu ake tuƙi a can, kuma ka duba ko hanyar Chapman's Peak a buɗe take kafin ka fita, don ana rufe ta saboda iska ko gangarowar duwatsu.

Mutane da yawa suna ɗaukar hoto a Cape Point, tsinin ƙasa da ke kudu da Cape Town, su ce sun kai ƙarshen Afirka. Ƙarshen na can Cape Agulhas, tafiyar kusan awa uku daga birni, kuma nan ne aka ja iyaka tsakanin tekun Atlantika da na Indiya. Mai neman zakuna da giwaye kuma ya sani cewa gandun Kruger na can arewa maso gabashin ƙasar, sai da wani jirgin.

Teku tana buƙatar a yi mata ladabi. Rairayin Camps Bay da Clifton suna da kyau, amma ruwansu sanyi ƙarara ne ko rana na dukan ka, saboda igiyar ruwan teku ta Benguela mai sanyi da ke bin wannan gefen. Ɓangaren Muizenberg ya fi ɗumi. Ko'ina ne dai, kada ka shiga sai tsakanin tutocin da masu ceto suka kafa, domin akwai jan ruwa da ke iya ɗauke mutum daga inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Wanda ya koyi iyo a kogi ko dam bai san wannan jan ba. Dabbobi ma haka. Gwaggon birin Cape Point ya san jakar abinci, ya kuma iya buɗe ƙofar mota. Za ka ga ƙato ya zauna bakin titi kamar ba ruwansa, da an sauke gilashi aka fito da leda sai ga hannunsa a ciki. Ba su abinci laifi ne da ake cin tara a kansa. Tsuntsayen fengwin na Boulders kuwa suna cizo, a kalle su daga kan katakon da aka shimfiɗa.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Wanda ya saba fuskantar gabas zai shimfiɗa dardumarsa a otal ya yi kuskure, don alƙiblar Cape Town arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas. Lokutan salla ma suna motsawa sosai: a Disamba asuba na yi wajen ƙarfe 4, magariba kusa da 8, isha'i bayan 9, a Yuni kuwa rana ba ta fitowa sai dab da 8 na safe. Ka karɓi jadawalin masallacin unguwa. Yawancin Musulmin Cape Shafi'awa ne, za ka ji liman na bayyana bisimilla, kada abin ya ɗaure maka kai. Abincin halal ba ya wuya, amma ka nemi takardar shaida ta hukumomin tantance halal, MJC ko SANHA, a bango maimakon dogaro da amsar mai kawo abinci. Kuma ka tambayi abin da ke cikin yawon Stellenbosch da Franschhoek kafin ka biya, don yawancinsa ɗanɗanar giya ne a gonakin inabi. Garuruwan sun cancanci gani, sai dai ka je da tsarinka.

Babbar asara ita ce a shiga Bo-Kaap, tsohuwar unguwar Musulmi a Cape Town, a ɗauki hoton gidaje masu launi a fita cikin minti goma. A titin Dorp na unguwar ne masallacin Auwal yake, masallaci na farko a ƙasar, tun 1794. Limaminsa na farko, Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga Tidore ta Indonesiya da Turawan Holan suka tsare a wannan tsibirin Robben ɗin, kuma a can ya rubuta Alƙur'ani da ka. Duk wanda ya taso ya ga alaramma na satu ya san nauyin wannan aiki, balle a kurkuku, babu mushafin dubawa. Kabarinsa na maƙabartar Tana Baru a saman unguwar. Kafinsa akwai Shehu Yusuf na Makassar, wanda aka kawo gudun dole a 1694, hubbarensa na Macassar a wajen birni. Ka ware wa unguwar rabin yini, ka yi salla a Auwal, ka nemi ɗan unguwa ya zaga da kai. Gidajen nan na mutane ne, ana kwana ana tashi a cikinsu, don haka a yi sallama a nemi izini kafin a hau dakalin wani da kyamara. In ka ji ƙarar igwa da tsakar rana kada ka firgita, daga tudun Signal Hill ake harba ta ƙarfe 12.

Batun tsaro ba ya son tsoro kuma ba ya son sakaci. Kada ka bar komai a kan kujerar mota, ko da rigar sanyi ce. Kada ka hau dutse kai kaɗai, kuma daga filin jirgi ka bi N2, kada ka kauce mata ko da waya ta nuna maka wata gajeriyar hanya. Ka riƙe katin banki mai aiki a waje, don wasu ƙofofin gandun daji ba sa karɓar tsabar kuɗi, kuma kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Mai tasowa daga Najeriya, Nijar ko Ghana ya sa katin rigakafin cutar shawara (yellow fever) tare da fasfo a jakar hannu, domin ana iya neman sa tun kafin a bar shi ya hau jirgi.