Yadda Ake Auna Barasa a Ƙwaƙwalwa da Na'urar MRI

Hoton MRI na yau da kullum ba ya nuna barasa. Sai an bi ta MRS, wata hanyar awo da na'urar MRI ɗin, inda na'urar ke karanto sinadaran da ke cikin ɗan akwatin da ka zana a ƙwaƙwalwa, ta jero su tsini-tsini a kan layi. Na barasa kai uku gare shi, yana tsayawa a 1.18 ppm (ppm shi ne ma'aunin matsayi a kan layin).

Maganar izinin bincike da tantance lafiyar mai sa kai, na ɗauka ka gama da ita.

Fara da awo tun mutum bai kurɓi komai ba. Kada ka tsallake wannan don rage kuɗin hayar na'ura, domin da shi za ka gwada duk abin da ya biyo baya.

Sai ajiye akwatin, kuma a nan sababbin hannu ke faɗuwa. Kitsen fatar kai yana fitowa a wajajen 0.9 da 1.3, laktet (wani sinadari da jiki ke samarwa) a 1.33, duk maƙwabtan barasa ne na kusa. Na taɓa ganin ɗalibi ya matsa akwati dab da ƙoƙon kai, tudun kitse ya taso ya haɗiye tsinin, shi kuwa yana ta murna wai ya samu barasa mai yawa. Da muka buɗe awonsa na farko, ga tudun nan zaune tun mutumin bai sha ba. Ka shigar da akwatin ciki sosai, santimita 2 kowane gefe ya isa. Ka kuma nisanci kogunan ruwan ƙwaƙwalwa, don barasar da ke cikin ruwan ta fi ta cikin nama fitowa, sai ta kumbura maka lissafi. Ni TE (lokacin da na'urar ke jira kafin ta karanta sigina) na milisakan 144 nake sawa, ban yarda da gajere ba: kitse ya dushe, laktet ya kife, barasa ta miƙe.

Idan ka fito da mutum ya sha, ka adana hoton inda akwatin yake, ka mayar da shi daidai wurin. Tokare kansa da matasai, wanda ya sha ba ya kwanciya shiru. Ya zaga bayi kafin ya koma.

Maimaita awon har awa ɗaya da rabi, kana haɗawa da na numfashi, amma sai bayan minti 15 da shan, saboda ragowar da ke baki. Manhajar lissafi, irin su LCModel, ka tabbata an sa mata samfurin barasa. Kada ka bar mutumin da ya sha ya tuƙa mota zuwa gida.