Kafin ka biya ɗan kwangila mai LLC a Amurka

Shekarar da na buɗe shagon kayan abinci a Bronx, wani ya gyara mini firji da wayoyin wuta. Ganin LLC (wani nau'in rajistar kamfani a Amurka) a rasitinsa, sai na ce ai kamfani ne, ba ruwana da takardar haraji. Sai a watan Janairu mai yi mini lissafi ta ankarar da ni, lokacin kuwa mutumin ya daina ɗaga wayata.

Haruffan nan uku ba sa nuna komai. Abin dubawa shi ne matsayin da hukumar haraji ta IRS ta ba kamfanin, kuma yana cikin fom ɗin W-9, wanda ɗan kwangila ke cikawa da sunansa da lambar harajinsa. Ka sa ya cika tun kafin ka ba shi ko dala ɗaya. Mai jiran kuɗinsa ba ya jan ƙafa.

Duba layi na 3a. In ya rubuta C ko S, alamar IRS na ɗaukarsa a matsayin cikakken kamfani (corporation), ba sai ka fitar da 1099-NEC ba, wato fom ɗin da ke nuna wa IRS kuɗin da ka biya ɗan kwangila. In P ne, wato haɗin gwiwa, sai ka fitar. Mai rikita mutane shi ne LLC na mutum ɗaya: muddin bai zaɓi C ko S ba, IRS ba ta raba shi da mai shi. Sunan mutumin ne a layin farko, kuma dole a aika masa 1099-NEC. Irinsa ne mai firjina. Lauya kuwa, kowane harafi ya sa, aika masa.

Kuɗin da aka biya har ƙarshen 2025, da ya kai dala 600 a shekara fom ya wajaba. Daga 2026 an ɗaga zuwa dala 2,000. Ladan aikin kasuwancinka ake ƙirgawa, ban da gyaran gidan da kake kwana.

Hanyar biya ma tana da magana. Abin da ka biya da kati, kamfanin katin ne zai kai rahoto a wani fom daban, 1099-K, kada ka maimaita. Cak, kuɗin hannu da Zelle (hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki) suna wuyanka. Mutanenmu sun fi son Zelle, nan ake yawan tuntuɓe.

Ranar 31 ga Janairu ce wa'adi, kwafi ga IRS, kwafi ga ɗan kwangilar. In fom-fom ɗinka sun kai 10, ta intanet za ka tura, kuma shafin IRS na tura su, mai suna IRIS, kyauta ne. Wanda ya ƙi ba da lambar harajinsa, cire kashi 24 cikin ɗari daga kuɗinsa ka miƙa wa IRS.